Dattin kunne muke yaƙa, ƙara kuma tana cinye mana ji

Duk wanda ya saba zaman majalisa a Kano ya san wannan, ana cikin hira sai wani ya zaro tsinken ashana ko makullin mashin ko murfin biro ya zura a kunne yana jujjuyawa ido a lumshe, in kayi magana yace datti yake cirewa. Mutumin nan kuma shi ne zai wuni a gindin janareta ko injin markaɗe tun safe har magariba ko a jikinsa, da daddare ya toshe kunnuwa biyu da iyafis ya ƙure ƙara har na kusa da shi yana jin abinda yake saurara. Toh wallahi lissafin a juye yake. Inda yake ta faman sharewa wajen ne yake share kansa da kansa, inda yayi watsi da shi kuma shi ne in ya lalace baya gyaruwa, ba a Kano ba, ko Misra da Indiya aka kwashe ka haka zaka dawo.

Sai an bi hanyar da sauti yake bi sannan maganar zata fito. Sauti dai girgizar iska ce, ba wani abu ba. Fatar kunne ta waje, wadda ake hudawa a saka ɗankunne, aikinta ta tattaro girgizar nan ta tura cikin ramin kunne, ramin kuma a babban mutum tsawonsa kamar santimita 2 da rabi ne kawai, shi yasa tsinken ashana yake iya kaiwa ƙarshe cikin sauƙi. A ƙarshen ramin ne dodon kunne yake, wata siririyar fata ce a ɗaure tam, faɗinta bai wuce santimita 1 ba, duk sautin da ya iso sai ta kaɗa daidai da shi. A bayanta akwai ɗan ɗaki mai iska, cikinsa ƙasusuwa uku ne a sarƙe da juna, na ƙarshensu shi ne ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam gaba ɗaya, kamar milimita 3. Amfaninsu kuwa babba ne, dan can ciki ruwa ne, sautin da ya taso daga iska kuma in ya tarar da ruwa yawancinsa komawa yake baya, shi ne ƙasusuwan nan suke tattara ƙarfin kaɗawar dodo su matse shi a wata 'yar ƙaramar taga, ƙarfin ya ninku kusan sau 20 kafin ya shiga ruwan. Ɗakin yana da wata 'yar hanya da ta sauka bayan hanci, ita ke daidaita iskar ciki da ta waje. Alhazai sun san aikinta ko basu san da ita ba, in jirgi ya fara sauka Jidda kunne ya toshe, kana haɗiyar yawu ko hamma sai kaji ya buɗe.

Can ciki ne ainihin maganar take. Akwai wani ƙashi a nannaɗe da siffar katantanwa, zagaye biyu da rabi, cike da ruwa, a jikinsa an jera wasu ƙwayoyin halitta masu ɗan gashi a kai, wajen 15,000 zuwa 16,000 a kowane kunne. Ruwa ya motsa, gashin ya lanƙwasa, ƙwayar ta mayar da motsin saƙon lantarki ta miƙa wa jijiyar ji, jijiya ta kai ƙwaƙwalwa, a nan ne ake gane cewa wannan kiran sallah ne, wannan kukan jariri ne, wannan muryar mai gida ce. Kuma jerin nasu ba kara zube bane, na bakin ƙofa su ke ɗaukar siririn sauti, na can ƙuryar nannaɗin su ke ɗaukar mai kauri. Wani masani ɗan ƙasar Hangari, Georg von Békésy, shi ya gano yadda motsin yake tafiya a ciki, har aka bashi kyautar Nobel a 1961. Yaro mai lafiyayyen kunne yana jin sauti daga mai kaɗawa 20 a sakan ɗaya har zuwa mai 20,000. A maƙwabtan katantanwar kuma akwai wasu bututu uku masu riƙe daidaiton jiki, shi yasa wani ciwon kunnen yake zuwa da jiri da amai.

Abinda ya kamata kowa ya riƙe shi ne ƙwayoyin gashin nan da su aka haife ka, kuma ba a ƙari. Fata ta yanke ta warke, ƙashi ya karye ya ɗoru, tsuntsaye da kifi ma nasu gashin kunnen yana sake fitowa, mu namu in ɗaya ya mutu ya tafi kenan. Jari ne da aka damƙa maka sau ɗaya babu mai sake zuba maka ko sisi, duk ranar da ka wuni cikin ƙara uwar kuɗin kake ci, kuma babu wanda zai gaya maka sai ranar da shago ya fara zama wayam. Ba zafi, ba jini, ba kumburi.

Daga nan ne likitocin kunne suka raba rashin ji gida biyu, kuma rabon nan ya fi komai amfani ga mai fama. Akwai wanda hanya ce kawai ta toshe, sauti ya kasa isa ciki amma cikin lafiyarsa ƙalau, wannan yawanci ana maganinsa. Akwai kuma wanda katantanwa ko jijiya ce ta taɓu, wannan sai dai a tallafa amma ba a dawo da shi yadda yake. Mu kuma duka kurumta muke ce musu, mu ɗiga musu magani iri ɗaya.

Dattin nan da muka ɗaura wa yaƙi ba ƙazanta bace, jiki ne yake yinsa da gangan, yana kama ƙura, yana hana ramin bushewa da ƙaiƙayi, yana kashe wasu ƙwayoyin cuta, kuma a garin da hunturu ke turnuƙe mu da ƙura wata da watanni ai gata ne. Fatar ramin tana tafiya a hankali daga ciki zuwa waje tana ɗauke da shi, tauna da magana suna taya ta. Da ka zura tsinke mai auduga kaɗan kake ɗebowa, sauran kake dannawa ciki yana dunƙulewa a gaban dodo, sai kaji kunne ya toshe ka ƙara zurawa. In ya toshe da gaske a asibiti ake laushe shi a wanke ko a zuƙe cikin 'yan mintuna, mutum ya fito yana mamakin ashe fanka tana da ƙara.

Wanda yafi bani takaici shi ne kunnen yara mai zubar da mugunya, dan mun mayar da shi kamar wani abu da kowane yaro sai yayi. Hanyar nan da ta haɗa kunne da bayan hanci a yara gajeriya ce kuma a kwance take, mura kaɗan sai ƙwayoyin cuta su hau ta su shiga ɗakin bayan dodo, mugunya ta taru, yaro ya kwana yana kuka yana jan kunne da zazzaɓi, washegari dodon ya fashe ruwa ya fito zafi ya lafa, uwa tace alhamdulillahi ya samu sauƙi. Ba sauƙi bane, huda ce. In an yi magani daidai hudar tana rufewa, in aka bari ana toshewa da auduga ana ɗiga ruwan albasa da man habbatussauda da nonon uwa, ko a fasa kafso a zuba garin, ciwon sai ya zauna shekaru yana cin ƙasusuwan nan uku, wani lokacin ya bi ƙashin bayan kunne ya kumbura, har ƙwaƙwalwa yana iya kaiwa. Yaron kuma yana aji a bayan ɗalibai masu yawa baya jin malam sosai, sai a ce daƙiƙi ne ko kunnen ƙashi gare shi, a ƙara masa da mari, marin kuma da tafin hannu a kan kunne shi kaɗai ya isa ya fasa dodo saboda iskar da yake dannawa ciki lokaci ɗaya. Ƙa'idar mai sauƙi ce, kunnen da ke ruwa ko ake zaton a huje yake ba a zuba masa komai sai wanda ya leƙa da fitila ya rubuta, ruwan wanka ma a kiyaye. Ƙwaro in ya shiga lafiyayyen kunne ne ɗan man zaitun yake da amfani, ya kashe shi ya daina fafutuka kafin a je a ciro.

Yanzu ƙara. Ana auna ƙarfin sauti da desibel, hirar mutum biyu kamar 60 ce. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata a Amurka suka tsayar shi ne 85 na awa 8 a rana, kuma lissafin ba irin na kasuwa bane da zaka ce 88 ai kusa take da 85, duk ƙarin 3 ƙarfin ninkuwa yake, lokacin da kunne zai jure kuma ya rabu biyu. Wato 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, in an kai 100 minti 15 ne kacal. Ba sai kana da na'ura ba, in mutum yana tsaye nisan hannu da kai amma sai ka ɗaga murya yake jinka, toh kun shiga wajen da ake ɓarna. Sai ka auna da wannan ka zaga gari, yaron da ke tsaye kan injin niƙa a lungu tun yana ɗan shekara goma sha, masu walda da yankan ƙarfe a Ƙofar Ruwa, masu injin tsaga katako a Na'ibawa, ma'aikatan masana'antu a Sharaɗa da Challawa da Bompai, 'yan kasuwar da janareta ke bakin ƙofar shagonsu a Kwari da Farm Centre, ɗan adaidaita sahu da ya ɗaure lasifika a bayan kujera ya wuni da ita. Nawa ne a cikinsu suka taɓa saka abin toshe kunne? Ɗan soso ne fa ko roba, ba wani abin tsada ba, amma wanda ya saka sai abokan aiki su mayar da shi abin dariya.

Sai gidan biki, wanda ni a ganina nan muka fi zalunci dan har da waɗanda basu da zaɓi. Mai kiɗa ya jera lasifiku sun fi mutum tsawo, yara su ne a gaba suna rawa a bakinsu, mata da jarirai a goye suna zaune awa uku awa huɗu. An tashi kowa kunnensa yayi dum yana wani shuuu, washegari ya washe sai a ɗauka shikenan. Dum ɗin nan gashin ne ya galabaita, yawanci suna farfaɗowa, amma ba duka ba, kuma sati mai zuwa akwai wani bikin. Kada kuma a ce wai sai kiɗa, katantanwa bata san bambancin waƙa da wa'azi ba, ƙarfi kawai ta sani, wanda ya zauna daf da lasifikar da aka ƙure a wajen taro ko wane iri ne lissafinsa ɗaya. Harbin bindiga shi nasa daban ne, yana haura 140, guda ɗaya a kusa da kunne ya isa yayi ɓarnar dindindin, dan haka masu kai yara kallon hawan sallah su ɗan ja da su baya daga 'yan bindiga. Waya kuma in aka ƙure ta da iyafis tana iya kaiwa 100, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarar, hukumar ma tace matasa sama da biliyan 1 ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan saurare.

Abinda yasa mutum baya farga da wuri, ƙwayoyin bakin ƙofa masu siririn sauti su ke fara mutuwa. Kaurin murya yana nan, amma s da sh da ts da f sun dushe, sai kaji dattijo ko tsohon makaniki yana cewa ina jin ana magana amma bana gane me ake cewa, musamman a cikin taro ko kasuwa, a ce masa sittin yaji tis'in. In ka daka masa tsawa kuma ransa ya ɓaci yace ai ba kurma bane shi, kuma da gaskiyarsa, kunnen da ya taɓu ƙaramin sauti baya ji, babba kuma ciwo yake masa. Fuskantarsa zaka yi kayi magana a tsanake. Tsufa shi kaɗai yana kawo wannan, hawan jini da ciwon suga da sikila suna ƙara masa gudu saboda ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da katantanwa, amma wanda ya shekara talatin cikin ƙarar inji tun yana ɗan arba'in da wani abu zai fara abinda sa'anninsa sai sun haura sittin.

Akwai kuma allura. A kemis da yawa janta, wato allurar gentamicin, ta zama ruwan dare, zazzaɓi janta, ƙurji janta, ciwon mara janta, ba awon nauyi ba duba ƙoda. Maganin kirki ne fa, yana ceton rai har da na jarirai in likita ya auna ya bayar, amma shi da danginsa irin su streptomycin da kanamycin da amikacin suna taruwa a ruwan katantanwa su kashe gashin nan, ɓarnar tana iya ci gaba ko bayan an daina, kuma bata komawa. Har ta kai a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bada shawarar a cire kanamycin daga maganin tarin fuka mai taurin kai, dan marasa lafiya suna warkewa daga tari su tashi da kurumta. Kwinin shi ma yana sa kunne ƙara da toshewa, sai dai nasa galibi yana wucewa in an gama. Duk wanda ake wa allura yaji kunne ya fara kuka ko jiri ya kama shi, ranar ya kamata ya faɗa, ba sai an ƙarasa adadin ba.

Mu da muke yankin sanƙarau ba sai an yi mana dogon bayani ba. Annobar 1996 ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya ta kashe sama da 11,000, Kano tana tsakiyarta, kuma cikin waɗanda suka tashi akwai da yawa da basu sake jin sauti ba. Ciwon yana shiga katantanwa, bayan 'yan watanni ma tana iya cikewa da ƙashi, shi yasa duk yaron da ya tashi daga sanƙarau gwajin ji ya kamata ya biyo baya da wuri. Ƙyanda da hangum suna yi, zazzaɓin Lassa kuma kusan mutum 1 cikin 4 na waɗanda suka tsira yana taɓa musu ji. Yawancin waɗannan akwai rigakafinsu, Najeriya ce ma ƙasar farko da ta fara amfani da sabuwar allurar sanƙarau mai kare nau'i biyar a 2024. A jarirai kuma shawara ce babbar ɓarauniya, ido yayi rawaya a ce a shanya shi a hantsi a bashi ruwan gulukos, alhali in tayi yawa ƙwaƙwalwa take hawa kuma hanyar ji na cikin inda take fara taɓawa, kafur ɗin da ake zubawa a kayan jariri ma yana tayar da ita ga wasu yaran. Sai wahalar haihuwa da jariri ya daɗe bai yi kuka ba, sai gado. Gadon nan mutane suna ruɗewa da shi dan uwa tana ji uba yana ji, amma in kowannensu yana ɗauke da ƙwayar a ɓoye kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4, kuma auren zumunci yana ƙara damar haɗuwar masu ɗauke da iri ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa cewa kusan kashi 60 cikin 100 na rashin jin yara abu ne da za a iya kaucewa.

Yaron da ake kira bebe yawanci harshensa lafiya lau, magana ce bai taɓa ji ba balle ya kwaikwaya. Amma sai a shekara uku ana cewa nauyin baki ne, babansa ma haka yayi, a kai shi wajen wanzami a cire belu, a yi ta rubutu, lokacin da ƙwaƙwalwa tafi kama harshe yana wucewa. Jaririn da ƙofa ta buga da ƙarfi bai firgita ba, ko ya kai wata 6 baya juyowa in an kira shi ta baya, ko gwarancinsa ya fara sai ya ɗauke, a kai shi a gwada. Gwajin ma yana barci ake yi cikin 'yan mintuna, dan lafiyayyar katantanwa ita kanta tana fitar da wani ɗan sauti da na'ura ke kamawa, wani Bature David Kemp ya gano haka a 1978. Akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a asibitin Malam Aminu Kano, akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna. In kuma ya tabbata baya ji, maganar hannu harshe ce cikakkiya da kuramen Kano suka daɗe suna yi, ga makarantar Tudun Maliki, kuma gara a fara da wuri iyaye ma su koya.

Abu ɗaya da ba a jira da shi ko kwana biyu, mutum ya tashi da safe kunne ɗaya ya ɗauke ɗif ba ciwo ba mura. Sau da yawa a ɗauka datti ne a tsaya ɗige-ɗige, alhali yana iya zama katantanwa ce, kuma maganin da ake bayarwa yafi aiki in an fara cikin sati 2 na farko.

Na'urar ƙara ji kuma har yanzu kunya ake ji da ita, mutumin da zai saka tabarau yana taƙama shi ne zai ɓoye ta a aljihu ya gwammace a yi ta maimaita masa magana. Wasu kuma sun saya a kasuwa ba gwaji, ta ƙara musu komai da komai har da ƙarar mashin da cokali, suka jefar suka ce bata aiki. Ta gaskiya sai an auna an ga waɗanne sautuka ne suka tafi a saita ta daidai da su, kuma ƙwaƙwalwa tana ɗaukar makonni kafin ta saba. Ga wanda jinsa ya tafi gaba ɗaya akwai dashen na'ura a cikin katantanwa da ke taɓa jijiya kai tsaye, tana aiki musamman ga yaron da aka yi wa da wuri, amma kuɗinta miliyoyi ne kuma bayan aikin sai an bi da koyon magana na tsawon lokaci.